Mu Matso Kusa: Zancen 'Yar Bindigar Mota

Ku matso kusa, ƙawayen arziki, a jawo filo, a ƙara shayi, yau zancenmu ba na ɗaga murya ba ne. Mun san juna, mun san abin da kowacce take juyawa a ƙasan ranta tun da muka zo ƙasar nan ta Amurka, to bari yau mu fito da shi tsakaninmu: zancen 'yar ƙaramar bindigar nan da ake ajiyewa a mota. Na ga wata ta zaro ido! Haba 'yar uwa, kwantar da hankalinki, ba fashi za mu ba. Mu ne dai, matan Huston ta jihar Teksas, masu tashi daga aikin asibiti ƙarfe 11 na dare, masu kai saƙo gidajen mutane har bayan isha, masu mazajen da suke kwana a titi da manyan motoci. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa tsayawa shan mai da tsakar dare ba, ta hango wani yana tahowa daga duhu hannunsa a aljihu, gabanta ya faɗi, ta hau karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta cin abinci? Kun ga, dariya kuke yi don kowacce ta san kanta, hahaha.

Mu da muka taso a gida, bindiga ta soja ce da ɗan sanda, sai ta toka da ake bugawa ranar hawan salla, sai kuma ta mugayen da suka hana iyayenmu barci a dazukan Zamfara da Katsina, Allah Ya kawo mana ƙarshensu. Shi ya sa ko sunanta aka ambata jikinmu yake yin sanyi. Kuma tun zance bai yi nisa ba, bari in ja kunnen 'yan uwanmu na gida da hirar nan za ta iya kaiwa gare su: wannan magana ta nan ce. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin makaman da aka haramta, ba mai ba da izininsu sai shugaban ƙasa, wanda aka kama da ita a mota kuwa gidan yari ne makomarsa. Kada wani ya ji mu ya ce matan Amurka sun ba shi fatawa, mu dai ba ruwanmu, ehe.

A nan kuwa tun 1791 aka rubuta haƙƙin riƙe makami a tsarin mulkin ƙasa, kuma jiharmu tana cikin masu sakin hannu sosai. Tun 2007 aka yarda mutum ya ajiye ƙaramar bindiga a motarsa ba lasisi, in dai a ɓoye take, sannan daga 1 ga Satumban 2021 aka buɗe ƙofar gaba ɗaya ga wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi. Shi ya sa za ki ga maƙwabciyarki, tsohuwa mai furfura da take kawo miki biskit ranar Kirsimeti, ashe akwai ƙarfe a jakarta. Ranar da Anti ta gano haka game da tata maƙwabciyar, cewa ta yi daga yau gaisuwa har ƙasa, kuma duk ganyen da iska ta kai ƙofar matar ita za ta share, muka yi ta dariya har da riƙe ciki.

Amma fa ƙawas, kafin mu shiga shago mu fara taɓe-taɓe, a duba takardu tukuna, don mu baƙi ne ko mun daɗe. Mai fasfon ƙasar da mai girin kad suna da damar saye. Wadda take zaune da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana ta riƙe bindiga, in ban da wasu 'yan ƙananan ƙofofi da lauya ne zai fayyace mata, wadda takardunta ba su kammala ba kuwa ko taɓawa kada ta yi. Mai girin kad ɗin ma ta sani, laifin bindiga yana cikin waɗanda ake korar mutum daga ƙasar a kansu, wahalar shekaru ta tafi a banza. A shago mai lasisi za a ba ki takarda mai lamba 4473 ki cike, a tura sunanki FBI su bincika, sau da yawa kafin ki gama zagaya shagon an amsa. Abin da ya fi damuna da mu shi ne kunya da kara. Ɗan uwa zai zo ya ce, Yaya, ni takarduna ba su fito ba, ki saya min da sunanki, ga kuɗin. Kada ki yarda, 'yar uwa, ko ɗan ɗakinku ne. Wata dokar tarayya ta 2022 ta sa hukuncin wannan yana iya kaiwa shekara 15. Ki ba shi tuwo, ki ba shi kuɗin mai, ki yi masa addu'a, amma sunanki ki riƙe abinki, hmm.

Sannan ƙasar nan jihohi 50 ce, kowacce da halinta, mota kuma ba ta san iyaka ba. Abin da yake halal a Huston yana iya kai ki gidan yari a Niyok ko Niyu Jazi ko Kalifoniya, inda gidan harsashin da ya wuce cin 10 ma matsala ne. Kun tuna Shaneen Allen? Baƙar fata ce irinmu, uwar yara 2 daga Filadelfiya, an yi mata fashi ta je ta sayi bindiga ta yi lasisin jiharta, komai bisa ƙa'ida. A 2013 ta tsallaka Niyu Jazi, ɗan sanda ya tsayar da ita kan laifin tuƙi, ita da bakinta ta gaya masa tana da bindiga da lasisi, sai ga ankwa. Ta yi makonni a tsare tana fuskantar ɗaurin shekara 3 da rabi, aka yi ta kai ruwa rana, sai a 2015 gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa. In na tuna ta, yaran nan nata nake tunawa, wa ya yi musu wanka, wa ya kwantar da su. Akwai dokar tarayya ta 1986 da take kare matafiyin da wucewa kawai zai yi, amma sai bindigar ba harsashi a cikinta, nesa da hannu, a but ko a kulle, kuma halal ce a inda ya taso da inda zai sauka. Maman 'yan biyu, ki gaya wa Alhaji, ranar da lodi ya nufi Kanada bindiga ta kwana a gida, can ba su san wannan wasan ba. Masu Uber da Lyft a cikinmu kuma, ƙa'idar kamfanonin biyu ta hana direba ɗaukarta yana kan aiki, in aka sani ana iya rufe asusu, hanyar abinci ta toshe. Kai, duniya, Allah dai Ya rufa asiri.

To mu zo kan zaɓe, inda Auta take ta zumuɗi tun ɗazu. Kowacce a cikinmu in ta shiga shagon, idonta kan 'yar mitsitsiyar nan yake fara sauka, irin su Ruger LCP da ta fito a 2008, wadda nauyinta bai kai giram 300 ba, ta shige tafin hannu ta ɓace, har akwai masu launin hoda. Wayyo, kyakkyawa! Mai shago ma in ya ga mace ita yake fara miƙowa. Sai an je filin koyon harbi ake gane halinta. Ƙarfin harsashi in ya tashi dole wani abu ya shanye shi, in bindiga ba ta da nauyi to hannunki ne zai shanye. Tana bugun tafi, tana zillewa kamar tarwaɗa, ƙaramin yatsanki yana reto ba wurin kamawa, ɗan abin saitinta ma da ƙyar ake ganinsa. Auta ta harba gida ɗaya ta ajiye tana yarfe hannu, ta ce wannan ai ni take duka, ɓarawon yana can lafiya. Wadda ta ji zafi ba za ta koma koyo ba, bindigar da ba a saba da ita ba kuma ba ta tsinana komai ranar tsoro. An ƙera irin waɗannan ne don aljihun wando da ƙugu, inda kowane giram yake damun mutum. Mu kuwa mota ce za ta ɗaukar mana kayan, mota ba ta gajiya, to me zai sa mu wahalar da hannun lallenmu? Ku dubi Auta don Allah, har yanzu shafa hannu take yi, hahaha.

Ni shawarata a ɗan hau sama kaɗan, a nemi madaidaiciya wadda yatsu duka za su samu wurin zama, mai cin harsashin 9mm. Shi ne ya fi yawa a kasuwa, shi ne ya fi sauƙin kuɗi, kwalin 50 na koyo galibi bai kai dala 20 ba, alhali .380 da yake ƙaninsa ya fi shi tsada. In aljihu ya yi ƙasa akwai Taurus G3c, ta kamfanin Birazil mai masana'anta a jihar Jojiya, tana cin 12, ana samunta wajen dala 250 zuwa 300 gwargwadon shago da lokaci. Akwai Ruger EC9s, siririya mai cin 7, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Sai Hi-Point C9 ta jihar Ohayo, uwar masu araha, sau da yawa ƙasa da dala 200. Mummuna ce, Allah Ya sani, ga nauyi, mazan filin harbi suna yi mata dariya, amma tana tashi, kuma kamfanin yana gyara ta kyauta muddin tana nan. Ni ba na raina wadda abin da ta iya saye ke nan. Hajiya dai da ta ɗaga ta cewa ta yi, wannan ko harsashi ya ƙare jifa ma ya isa, muka bushe da dariya har mai shagon ya taya mu.

Ga kuma gwanjo, mu da muka san daɗinsa tun daga Ƙofar Wambai ai ba sai an koya mana ba, hehe. Rundunonin 'yan sanda sukan sauya bindigoginsu bayan wasu shekaru, tsofaffin su dawo shaguna, da yawansu Glock ce ta Ostiriya, irin su 17 da 19 da 22. Jikinsu ya goge da shiga kube da fita, amma cikinsu galibi lafiya lau, don sun fi yawo a ƙugu a kan harbi. A dai lura, 22 ɗin harsashin .40 take ci, ya fi 9mm bugu da tsada. Kuma gwanjon a shago mai lasisi za a saye shi, da takarda da rasit. Wanda ya kira ki bayan gidan mai ya buɗe but ya ce kawo dala 100, ki ja motarki ki bar wurin. Ba ki san gidan wa aka fasa aka ɗauko ta ba, ba ki san jinin wa yake kanta ba. Araha ba ta ado, 'yan uwa, wannan kam a bar ta.

Yaya ta yi wata magana ranar nan da ta tsaya min a rai. Ta ce ita matsalarta ɗanawa, hannunta da sanyin ƙashi ba ya iya jan saman fistol baya. Gaskiya ce, kuma ƙananan sukan fi tauri wajen ja, don sifirin ɗinsu ya fi ƙarfi. Saboda irin su Yaya ne Smith & Wesson suka fito da Shield EZ a 2018, wadda aka sassauta janta da cusa mata harsashi, ko da yake kuɗinta ya haura na waɗancan. Wasu kuma libarba suke komawa, mai juyawar nan ta fina-finan kaboyi, irin Smith & Wesson 642 mai cin 5 ko Taurus 856 mai cin 6, duk harsashin .38. Daɗinta ba ja, ba maɓallin da za ki manta cikin ruɗewa, ko ta daɗe a ajiye ba ta cika gardama ba. Wahalarta kunama mai tauri, da bugu in marar nauyi ce, da wuyar saiti ga sabon hannu. Ba wadda za a zaɓa miki daga nesa, masoyiya, ko mijinki ne. Filayen harbi suna ba da haya, ki biya 'yan daloli ki gwada kala-kala, wadda harsashinta ya taru wuri ɗaya a takarda kuma kika ji za ki iya ƙarawa, ita ce taki. Shi Alhaji ya zaɓi tasa, ai ba da hannunsa za ki harba ba, ko ba haka ba? Ahaf!

Filin ma akwai daɗi in an tafi tare. Za a ba mu abin toshe kunne mu ɗora kan hijabi, da tabarau, mu yi ta kallon juna muna ƙyaƙyatawa. Hijabi ma ranarsa ce, don ƙwanson harsashi yana fitowa da zafi yana tsalle, masu buɗaɗɗen wuya in ya faɗa musu cikin riga rawa suke yi ba kiɗa, mu kuwa ya zame ya faɗi ƙasa. In an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci ko jariri, mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma wasa da ita. Amaryarmu kuma, ke da muke gani kina ta shan lemon tsami kwanan nan, ki zauna a gida, ƙara da dalma ba su dace da mai juna biyu ba. Kada ki rufe fuska, ai mun riga mun gane, hahaha! Malamin zai yi ta nanata mana cewa kowace bindiga a ɗauka akwai harsashi a cikinta, yatsa ba ya hawa kunama sai an yi saiti, a san abin da yake bayan abin da aka nufa, kuma ba a juya bakinta ga abin da ba a so ya halaka. Wannan na ƙarshen ai da shi muka taso, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan uwansa da makami. Kuma ko da doka ba ta tilasta ba, ni ina ganin a yi lasisin jihar. Dala 40 ne na gwamnati, sai kuɗin ajin awa 4 zuwa 6, inda ake koya miki wuraren da aka hana shiga da ita da lokacin da doka ta yarda a harba, jihohi da dama kuma suna karɓarsa.

Yanzu a ajiye kofuna, ku ba ni hankalinku, ga abin da ya sa na tara mu. Akwai wata magana da take yawo a bakin maza a shagunan nan, wai sayi mai araha ka jefa a mota, ko an sace ba ka yi asara ba. Wallahi duk lokacin da na ji ta sai tsigar jikina ta tashi. Ba ka yi asara ba? Bindigar da aka sace ai ba narkewa take yi ba. Hannu take sauyawa, daga ɓarawon mota zuwa yaro ɗan shekara 15, daga nan zuwa wani shago da ɗan uwanmu yake tsaro da dare, ko wata kwana da ɗiyar wata take jiran bas. Ƙungiyar Everytown ta tattara alƙaluman FBI na birane 337, ta gano a 2022 an kai rahoton sace bindigogi kusan 112,000, fiye da rabinsu daga cikin mota, alhali shekara 10 kafin nan wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne. Memfis ce kan gaba, San Antoniyo ta nan kusa da mu tana sahun farko. Kuma inda aka fi yi shi ne ƙofar gida, mota tana fake mai ita yana barci. Ɓarayin nan hannun ƙofa suke bi suna ja, ko su fasa gilashi, su buɗe aljihun gaba, su leƙa akwatin tsakiya, su laluba ƙarƙashin kujera, kafin kare ya gama haushi sun wuce. Wuraren nan uku kuwa su ne daidai inda muke cewa mun ɓoye. Ki auna a ranki, ɗan sanda ya ƙwanƙwasa miki ƙofa wata rana, ya ce lambar bindigarki ce a kan wadda aka tsinta inda aka kashe ɗan wata. Dala 250 ɗin ko tuna su ba za ki yi ba, uwar yaron za ki yi ta gani a idonki. Innalillahi, Allah Ya tsare mu da wannan rana.

Shi ya sa in za mu yi lissafin araha, mu yi shi gaba ɗaya, da kuɗin akwatin ƙarfe mai makulli, da kube mai rufe kunama, da harsashin koyo, da ajin malami. In dala 500 gare ki, gara bindigar 280 da sauran kayan nan a kan ta 500 tsirara. Akwatin ba tsada gare shi ba, na dala 30 zuwa 40 yana zuwa da igiyar ƙarfe da ake zargawa a ƙafar kujera, mafi kyau kuma wanda aka ɗaure da noti a jikin motar. Ba zai gagari mai almakashin ƙarfe da lokaci ba, amma mai sauri zai bar shi ya wuce. Aljihun gaban mota ko yana da makulli roba ce, sukuddireba ɗaya ta ishe shi, a Kalifoniya doka ma ba ta lissafa shi cikin akwati. Akwatin motar kuma na ɗan lokaci ne, na shiga asibiti ko kotu ko makarantar yara. In dare ya yi, bindiga ta bi ki cikin gida ta shiga nata akwatin na can. Mun iya tuna jaka da waya da ragowar shinkafa a kula, ba za mu kasa tuna wannan ba. A rubuta lambarta a ajiye wani wuri daban, in ƙaddara ta faɗa a kai rahoto a ranar. Sitikar kamfanin bindiga a gilashin baya kuma a ɓare ta, kiran ɓarawo ce. Zafin Huston ba zai tayar da harsashi ba, kada wannan ya dame ku, amma laimar garin nan tana kawo tsatsa, sai an riƙa goge ta ana shafa mata mai. Ashe ita ma tana son kwalliya, in ji Anti, to shi ke nan mun yi kishiya, hahaha.

Sai yaranmu, sanyin idanunmu. Duk abin da kika ɓoye a mota ɗan shekara 3 zai gano shi kafin ki gama sauke cefane, mun ga yadda suke tono cingam ɗin da ya ɓata tun bara. Kada ki ce kunama ta fi ƙarfinsa, da manyan yatsu biyu suke dannawa, bakin yana kallon fuskarsu. Tun 2020 alƙaluman hukumar CDC suka nuna bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar nan. A Teksas barin bindiga mai harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta laifi ne, amma wace uwa ce sai doka ta gaya mata? Ko a jikinki cikin kube, ko a akwati a kulle, jaka a kan kujera ba wurin ajiya ba ce. Allah Ya raya mana su, Ya sa su ne za su binne mu, amin.

Ga kuma fitilar nan ja da shuɗi a madubi, wadda ko ba ki yi komai ba sai cikinki ya juya. Mu baƙaƙe ne, mu Musulmi ne, ga hijabi ga harshe, ba sai mun ɓoye wa juna ba. Philando Castile yana da lasisinsa, ma'aikacin kicin ɗin makarantar yara ne a Minesota. A Yulin 2016 aka tsayar da shi, ya gaya wa ɗan sandan cikin ladabi cewa yana da bindiga, cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a gaban budurwarsa da 'yarta mai shekara 4, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017. In an tsayar da ke, ki kashe mota, ki sauke gilashi, ki kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. Ki faɗa da baki a natse cewa akwai bindiga da inda take, ki tambaye shi me yake so ki yi, kada hannu ya motsa sai ya ce. A jihohi irin Mishigan da Karolina ta Arewa wajibi ne ki faɗa tun ba a tambaya ba. Takardun mota da na inshora kuma kada su zauna wuri ɗaya da ita, don kada ki miƙa hannu ɗauko takarda ƙarfe ya bayyana. Mu koya wa mazanmu da samarin 'ya'yanmu wannan har su haddace. Hmm, Allah Ya riƙa dawo mana da su gida lafiya.

Wani abin kuma zuciyarmu za mu tambaya, mai shago ba shi da amsarsa. Titin I-45 da yamma, wani ya yanko gabanki ya ɗaga miki yatsa, jininki ya tafasa. In kin san ke mai zuciya ce, ko Alhajinki mai zuciya ne, bindiga kusa da hannu musiba ce. Ba a fito da ita don tsoratarwa ko don an daki bamba, nuna ta kawai ma yana iya kai mutum kotu. Mai mota ai tana da totur: ki kulle ƙofa, ki ba da tazara, ki nufi wuri mai haske da mutane, ki kira 911. Sannan 'yan uwana, mu faɗa a hankali tunda mu kaɗai ne, fiye da rabin waɗanda bindiga take kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu. Zaman ƙasar nan akwai kaɗaici, akwai ƙuncin bayan haihuwa, akwai bashi, akwai daren da mutum ba ya gane kansa. In gidanki yana cikin irin wannan hali, ko akwai duka tsakaninki da maigida, kada bindiga ta shigo, in tana ciki a san yadda za a fitar da ita, don namiji mai duka in yana da bindiga a kusa haɗarin ran matar ninkuwa yake yi. Lambar 988 ta taimakon masu ƙuncin rai tana nan dare da rana, mu ma muna nan, ki bugo ko ƙarfe 3 na dare ne, wallahi za mu ɗauka. Zo nan, matso, share hawayen, ai ba komai, mu ne.

Wadda ta saurari duk wannan ta ji a ranta ita kam ba za ta iya ba, ba abin da ya rage ta a idonmu. Hajiya ma feshin barkono ta zaɓa, da tocila mai ƙarfi, da shan mai tun da rana, kuma barcinta take yi lafiya har da minshari, hehe. Wadda kuma ta yi istihara ta ga za ta saya, ga inda na tsaya: madaidaiciya mai 9mm wadda kika gwada da hannunki, daga shago mai lasisi, kuma a sayi akwatin tun kafin bindigar. In kuɗin bai kai na akwati da aji ba a jira wata mai zuwa, ko mu sa ki a gaba a adashi. Asabar mai zuwa bayan azahar za mu filin koyo, kowacce ta zo da rufaffen takalmi, amarya kuma ta riƙe mana yara.